Ku fara gwada hodarku kafin ku taɓa jinin marasa lafiya

Ƙannena masu karatun kimiyyar sinadarai a Bauchi, musamman masu sha'awar binciken furotin, ku saurari wanda ya taɓa ɓarnatar da samfuri da hannunsa.

Furotin da dama a jikin mutum suna ɗauke da sarƙar sukari, kuma fasalin sarƙar kan sauya idan cuta ta shiga. Akwai AFP-L3, nau'in furotin mai ɗauke da sukarin fukos, da ake dubawa wajen gano kansar hanta. Duk wanda ya san yadda ciwon hanta nau'in B ya addabi mutanenmu ya san wannan aiki namu ne. Wahalar ita ce, bayan an daddatsa furotin da tiripsin, sinadarin da ke yanka furotin gunduwa-gunduwa, guntayen da ke da sukari ba su da yawa, sai sauran su danne su a na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Dole a tsamo su tukuna.

Da hodar silika mai ƙananan ramuka na yi nawa aikin, irin SBA-15 da aka fara haɗawa a Santa Barbara ta Amurka a 1998. Ire-irenta faɗin raminsu tsakanin nanomita 2 ne zuwa 50. Tamkar rariya take: ƙananan guntaye su shige, manyan furotin su tsaya a waje.

To amma ramukan ba sa buɗewa sai an ƙone sinadarin da aka gina silikar a kansa, a zafin digiri 550 ko kusa da haka. Ina cikin ƙonawa aka ɗauke wuta. Na ga hoda ta yi fari-fari, na ce ta yi. Ban aika an auna ramukan da iskar naitirojin ba, ban gwada ta da IgG ba, alhali furotin ne da ake saya, an kuma san guntayen da ya kamata ya bayar. Kai tsaye na zuba ta a ruwan jinin marasa lafiya. Ashe ramukan a toshe suke. Mutanen nan daga gadon asibiti suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu bisa amana, wasunsu daga ƙauye aka kawo su, ba kuma zan sake ganinsu ba. Wannan ya fi asarar kuɗin ci mini rai, har yau.

Sai batun asetonaitiril, sinadari mai ruwa-ruwa da ake gaurayawa da ruwa a zuba guntayen a ciki. Guntaye masu sukari suna maƙalewa a hodar ne idan shi ya rinjayi ruwa, kamar kashi 80 cikin 100, a ƙara ruwa kuwa su sake ta. Ya fi ruwa saurin bin iska, zafin Afrilu a Bauchi kuma kun san shi. Na riƙa barin kwalba a buɗe, haɗin ya sauya, abin da nake nema ya bi ruwan wanki. Ku haɗa sabo ranar aiki, ku rufe baki.

Za ku so ku yi tsalle zuwa MOF, wani sinadari mai ƙananan ramuka da ake haɗawa da ƙarfe, tunda a kansa Kitagawa da Robson da Yaghi suka samu kyautar Nobel a 2025. Madalla, amma shi ma sai ya ci jarrabawar IgG.

Ruwan jini kuwa, ku rarraba shi a ƙananan kwalabe tun ranar farko, domin narkewa da sake daskarewa na lalata furotin. Ku tambayi mai kula da firiza ko janareta na ba ta wuta da dare, kafin ku ajiye komai a ciki.