Daga kwaleji zuwa NBA: inda yara ke shan wuya

Masu cewa dole tauraron ƙwallon kwando na kwaleji ya haskaka a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ku duba dokokin tukuna. A kwalejojin Amurka maza minti 40 suke bugawa, daƙiƙa 30 gare su su yi jifa. NBA kuwa minti 48 ne, daƙiƙa 24 kacal, wasa 82 a kaka. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku, ma ya fi nisa a NBA, mita 7.24 maimakon 6.75.

Dogayen nan su suka fi ba ni tausayi. Tun 2001 a NBA mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa 3 a ƙarƙashin kwando sai yana manne da wani. Wanda ya saba kafewa can tun a kwaleji, da an janyo shi waje, ƙafa ba sauri, sai a wuce shi fit.