Godiya ga duk wanda ya sa hannu aka tada garejin Baba

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Jiya Asabar bayan la'asar na rataye guduma ta ƙarshe a jikin bango, na share ƙasa, na zauna a kan benci ina kallon ɗakin. A nan na ƙudurta cewa ba zan bari a kwana biyu ban fito bainar jama'a na yi godiya ba, domin abin da aka yi mini ya wuce a ce na gode a bakin ƙofa a wuce.

Waɗanda suka san gidanmu a Gwammaja sun san garejin da ke gefen zaure. Sunansa dai gareji, amma rabon da mota ta kwana a cikinsa tun ina firamare. Wurin aikin Baba ne, Allah ya jiƙansa da rahama. A nan yake gyaran kujeru da ƙyauren taga da fankar maƙwabta idan ya taso daga ofis, a nan ni ma na koyi riƙe zarto. Da ya rasu wurin ya dawo hannuna, kuma ban riƙe shi yadda ya kamata ba. Duk abin da ya lalace a gida sai a ce a kai gareji. Tsohuwar katifa, kwanukan biki, tayoyin da suka suɗe, ragowar fenti, har dai teburin aikin ya ɓace a ƙarƙashin tarkace.

Daminar 2024 ce ta tona abin da ke ɓoye. Shekara da shekaru ana ta ciko a layinmu har titi ya fi daɓen garejin tudu, ga kwatar ƙofar gida ta cushe da leda. Wani dare a watan Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shigo ta ƙasan ƙofa ya kwanta har idon sawu, kwanon rufi kuma yana yoyo ta wuri uku. Na san abin da ya same mu bai kai a ambata ba idan aka tuna mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a watan Satumba na shekarar, Allah ya mayar musu da alheri. Amma da na buɗe akwatin kayan aikin Baba na tarar da ruwa a ciki, sifanu sun yi ja da tsatsa, gara ta cinye ƙasan akwatin, sai jikina ya mutu. Na ja ƙofa na sa kwado, na yi wata uku ban sake leƙawa ba.

Godiyata ta farko ga Hajiya ce. Ita ce ta kira ni ɗakinta wata safiya ta ce, "Ɗan nan, ka buɗe ɗakin mahaifinku. Ba na son in wuce in gan shi a kulle." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga baya ta kunce bakin zanenta ta ba ni abin da take da shi ta ce a fara da shi, na ƙi karɓa ta ɓata rai, na karɓa. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa mu gama da ke lafiya.

Yaya babba shi ya kira taron gida ya raba wa kowa nasa nauyin, ya kuma ɗauki kuɗin siminti gaba ɗaya. Ƙannena biyu da 'ya'yan Baffa suka ba da Asabar da Lahadinsu har mako uku ana fitar da kaya. Kashi uku muka yi a tsakar gida: abin da za a riƙe, abin da za a bayar, da abin da za a kira 'yan gwangwan su auna. A nan aka fi samun ja-in-ja, domin duk abin da aka ɗaga sai in ce Baba ya taɓa amfani da shi. Yaya ne ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe abin da hannuna zai yi aiki da shi, sauran a ba wanda zai mora, ladan ya je wa mai shi. Da haka injin ɗinkin da ya shekara ashirin a lungu ya tafi hannun wata baiwar Allah a layinmu, yanzu haka da shi take ciyar da marayunta. Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci.

Sai maginin da ya yi mana daɓe, dattijon da tun zamanin Baba yake mana aiki. Ni a tunanina a toshe ƙasan ƙofa da siminti shi ke nan. Ya zo ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ɗora fulam, ma'aunin daidaiton daɓe, a ƙasa, ya fita ya dubi titi, ya dawo ya ce, "Malam, in ba a ɗaga ƙasan nan ba, baɗi ma ruwa zai kwana a ciki." Ɗakin ƙafa 12 ne a faɗi, ƙafa 20 a tsawo. Aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe ta, aka shimfiɗa leda mai kauri don kada danshi ya riƙa tasowa daga ƙasa, sannan aka zuba kankare mai kaurin inci 4, awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu 14 daɓen ya ci. Ya ba shi 'yar gangara wajen ƙofa, ya ɗaga dokin ƙofar, ya fasa kwatar ya sake gina ta. Da yake cikin hunturu aka yi aikin, iska na saurin busar da siminti ya tsattsage, sai ya kafa mana sharaɗi a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk da ya gama aikinsa an sallame shi, kullum bayan sallar asuba sai ya biyo da kekensa ya duba ko an zuba ruwan. Baba magini, Allah ya yi wa zuri'arka albarka.

Rufi kuwa kafinta ne ya hau ya sauko da labari marar daɗi. Gara ta bi bango ta shiga katakon rufin, wasu da ka danna da yatsa sai su burme. Shi ya raka ni 'Yan Katako a Na'ibawa, ya tsaya yana ɗaga kowane katako yana kanne ido ɗaya yana duba miƙewarsa, wanda ya karkace ko yake ɗanye ya ture gefe. Kwano da ƙusa a Kasuwar Ƙofar Ruwa muka saya. Akwai masu cewa a shafa wa katako baƙin mai ya wadatar, shi ya ce a sayi maganin gara na gaske a shafe kowane katako, har bakin da aka yanka, kafin a ɗora. Na bi shawararsa, kuma ina ganin ita ce daidai, musamman a ɗakin da ake aikin da ke fitar da tartsatsi. Ya kuma fasa mana taga ta biyu a bangon gabas. Yanzu da safe ba na bukatar kunna fitila.

Mai aikin wutan da abokina ya turo mini, shi kam ban san da bakin da zan gode masa ba. Yana ɓamɓare tsohon soket ya kira ni ya ce in zo in gani. Wayoyi biyu ne aka murɗe da hannu aka naɗe da ledar burodi, ledar ta narke ta manne, katakon da ke bayanta ya yi baƙi ƙirin. Tazarar da ke tsakanin wurin da gwangwanayen fenti da tina ba ta kai kamu ɗaya ba, kuma bangon nan shi ne na ɗakin da yara suke kwana. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Allah ne kawai ya tsare. Ya cire tsohon wayarin kaf, ya ja wa garejin layinsa daban da birekarsa, waya mai kaurin 2.5 ga soket, mai 1.5 ga fitilu, duka a cikin fayif, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da layin don kada na'ura ta ja mutum. Soket ɗin ma a saman teburin aiki ya jera su, ba a ƙasa inda ruwa zai iya kaiwa ba. Da na tambaye shi kuɗin aikinsa sai ya ce in biya kayan kawai, wai Baba ya taɓa gyara wa mahaifiyarsa gado bai karɓi ko kwabo ba. Ni ban ma san an yi haka ba. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya buɗa maka ƙofofin arziki.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ita ta hana mu mayar da janareta cikin garejin, inda muka saba kunna shi da dare mu ja ƙofa saboda ɓarayi. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani cewa a cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta ƙasan ƙofa da ta silin, mutum yana barci ta tafi da shi. Mai waldar bakin titi ya ƙera mana keji a waje, nesa da tagogi, shi ne kuma ya haɗa ƙafafun kantoci da akwatin ƙarfen da muke kulle fenti da tina da fetur a ciki. Tukunyar kashe gobara mai hoda da ke rataye a bakin ƙofa kyautar ƙanwar tawa ce, ga bokitin yashi a ƙarƙashinta. Ku biyun na gode.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai, kayan aikin Baba. Na riga na fid da rai da su. Maƙwabcinmu, tsohon makaniki da ya ajiye aiki, ya ce a kai masa akwatin gida. Kwana goma sha biyu ya yi yana jiƙa su a kananzir, yana gogewa da burushin ƙarfe da sanfefa, yana shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya. Sifanu suka dawo har ana karanta lambar jikinsu, daga mai 8 har mai 24, guda ɗaya ce kawai ta ɓata. Ya wasa kurfi, ya gyara haƙoran zarto da magagari. Zarton nan ƙotarsa ta taɓa tsagewa tun muna yara, Baba ya ɗaure ta da jar waya, zagaye bakwai, ya lanƙwasa bakin wayar ciki don kada ta soki hannu. Da makanikin zai kawo mini sai ya ce, "Na so in sake maka ƙota, da na ga ɗaurin nan sai na fasa. Hannun mahaifinka ne." Na karɓa na riƙe, wurin da babban yatsan Baba ya suɗe katakon yana nan sumul. Ban iya yi masa godiya a lokacin ba, murya ta ƙi fita. Baba makaniki, yau ga ta a gaban kowa: na gode, na gode, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya.

Tsarin ɗakin kuwa aikin iyalina ne. Uwargida ce ta ce a manna falankin filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a bango a saman tebur, a kafa ƙusoshi a rataye komai a fili, sannan a zagaye kowane abu da fenti. Yanzu idan filaya ba ta wurinta, siffarta ce za ta tsaya tana kallonka har a dawo da ita. Teburin muka sa a ƙarƙashin sabuwar taga, tsayinsa ya zo mini daidai ƙugu, kaya masu nauyi a kantar ƙasa, marasa nauyi a sama, ba abin da ya taɓa daɓe sai ƙafar tebur da ta kantoci. 'Yata ta aji huɗu ta tattara gwangwanayen madara ta wanke, ta zauna a tabarma kwana uku tana ware ƙusa da noti da washa, kowanne da girmansa, ta rubuta a takarda ta manna. Ban gyara rubutun ba, haka zai zauna. Ban da wannan, mako tara uwargida tana dafa abincin ma'aikata, ba ranar da shayin safe ya makara, ga ƙurar siminti har cikin ɗakinta ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Matasan layinmu da suka yi gayyar ɗibar ƙasa da yashe kwata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun nuna mana haka a aikace. Mai unguwa da ya ba mu izinin sauke yashi a bakin hanya, maƙwabtan da suka yi haƙuri da ƙarar guduma da toshewar layi, mai kurar da yake kawo ruwa tun da duhu-duhu, da Malam Liman da ya zo ya yi addu'a ranar da aka buɗe, ya sa Baba da sauran magabata a ciki, duk ina godiya. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, wanda kuma na ɓata wa rai a cikin hidimar nan, don na san akwai ranakun da gajiya ta sa na yi magana da zafi, ina roƙon gafara.

Garejin zai riƙa kasancewa a buɗe duk Asabar daga bayan la'asar zuwa magariba, kamar yadda yake a zamanin Baba. Mai bukatar aron kayan aiki ya zo, akwai littafi a kan tebur, a rubuta a ɗauka a dawo da shi. Yaran da ke son koyon riƙe zarto iyayensu su turo su, ni zan tsaya a kansu. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu da bencinan makarantar Islamiyyar layinmu za mu fara, guda shida ne suka karye, Malam ya ce almajirai za su kawo su da hantsi.

Wassalamu alaikum.