Yadda na koya wa yara da manyan gidanmu kwamfuta a Jidda

Tun da aka rufe makarantun Saudiyya a watan Maris na 2020 saboda korona, aka mayar da karatu kan intanet, na zama malamin kwamfuta na dangi a nan Jidda. Ba wani zurfin karatu na yi a kanta ba. Aikin shago nake yi, ina buga rasit da lissafin kaya, kuma a danginmu duk wanda ya iya kashe na'ura ba tare da ya fizge waya daga bango ba, to injiniya ne. Da Ma'aikatar Ilimi ta buɗe dandalin Madrasati, sai yayata ta turo mini 'ya'yanta, maƙwabta ma suka turo nasu. Na je Harajin Sawarik, kasuwar tsofaffin kaya, na sayo tsohuwar laftof, muka shimfiɗa darduma a falo. Manya daga baya suka shigo, kuma su ne har yau ba su yaye ba.

Ana yawan cewa yaran yanzu sun san komai na na'ura. Waya suka sani. Ɗan yayata mai shekara 11 ba a kama shi a wasan waya na PUBG, amma ranar farko yatsa ya sa yana dungurar fuskar laftof, yana mamakin ta ƙi motsi. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya ba mu aiki shi ne tambayar ina abu yake tafiya idan an sauke shi. Malami ya turo aikin gida, yaro ya sauke, ya neme shi ya rasa, ya sake saukewa, har kwafi ya taru birjik ba wanda ya san wanne aka yi rubutu a ciki. Waya tana ɓoye wa mutum inda take ajiye kaya, kwamfuta kuwa sai ka san ma'ajiyarka. Na buɗe wa kowane yaro folda da sunansa, a ciki kowane darasi da tasa. Doka ɗaya na kafa: ba mai tashi sai ya adana aikinsa da Ctrl da S, ya kashe na'urar, ya kunna, ya nemo fayil ɗin da kansa. Ctrl da Z kuwa ko sau biyu ban maimaita musu ba, don yaro yana son duk abin da zai goge ɓarnarsa kafin a gani.

Na Kawu daban ne. Wan mahaifiyata ne, ya shigo ƙasar nan tun shekarun 1980, kuma abin da ya kawo shi falona shi ne Absher, dandalin Ma'aikatar Cikin Gida da aka buɗe a 2010, inda ake duba ranar ƙarewar iƙama, wato takardar izinin zama, da tarar mota da bizar fita da dawowa ta iyali. Shekara da shekaru ofishin hidima yake zuwa, inda ake cika wa mutane takardun gwamnati, ya biya 'yan riyaloli, ya miƙa wa yaron ofis takardar da aka rubuta kalmar sirrinsa, in lambar tabbatarwa ta shigo wayarsa ya karanto da ƙarfi kowa yana ji. Ba shi kaɗai ba, haka akasarin dattawanmu suke yi.

Kawu mahaddaci ne, Larabci ba baƙonsa ba ne, amma madannan kwamfuta sun so su kunyata shi. A rubutun allo na gida, irin na Warshu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. A kan madannai kuwa mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, ƙaf biyu gare shi, ga su kuma maƙwabtan juna, ɗaya a kan T ɗaya a kan R. Ya san da bambancin sarai, kullum yana karanta allunan titi. Amma da ya sunkuya neman harafi ɗaya tilo, sai idon makarantar allo ya dawo, ya danna fa a wurin ƙaf. Na liƙa wa maɓallin ƙaf ɗan farin salatif, bayan 'yan makonni ya ɓare shi da kansa.

Sai batun babban baƙi da ƙarami. Larabci ba shi da wannan, ajami ma haka, ga kalmar sirri da boko ake rubuta ta, kuma a wurinta babban A da ƙaramin a ba ɗaya ba ne. Ƙari a kan haka, ɗigo-ɗigo kawai ake gani yayin bugawa, don haka in an bar madannai a Larabci mutum ba zai sani ba sai an ce masa ya yi kuskure. Na koya masa kafin ya taɓa komai ya dubi kusurwar ƙasa kusa da agogo: in ya ga ع ya danna Alt da Shift har ya koma ENG, sannan ya duba ko fitilar Caps Lock, maɓallin babban baƙi, tana kunne. Waɗannan matakai da ajami ya rubuta su a ƙaramin littafinsa, da nasa kalmomin. Na lura duk wanda ya rubuta da hannunsa ya fi riƙewa fiye da wanda na buga wa takarda mai kyau.

Abu mafi wuya a gare ni shi ne naɗe hannuwana. Dattijo yana laluben harafi, kai kana ganinsa ƙuru-ƙuru.

"Kai ɗan nan, yi mini kawai mana, magariba ta kawo jiki."

"Kawu, ka yi haƙuri, yana layin tsakiya, kusa da yatsanka na dama."

Linzamin ma sai da muka yi dabara, don hannunsa yana ɗan rawa, danna biyu a jere sai ya zama jan abu zuwa wani wuri. Na ce ya danna sau ɗaya ya buga Enter. Na ƙara girman rubutun allon, magana ta ƙare.

Gwaggo kuwa ba ruwanta da Absher. Atamfa da turaren wuta take sayarwa a gida, rabin cinikin bashi ne, ga adashi a hannunta. Duk bayanin da na yi mata kan folda hamma take yi, sai ranar da na jera sunayen masu bashinta a Excel, manhajar lissafi, na ce ta rage riyal 50 daga na mutum ɗaya. Jimillar ƙasa ta canza nan take. Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya masa?" Tun daga ranar ba ta fashi. Ita da ƙanwata ne yanzu suke koya wa matan maƙwabta, waɗanda ba za su zauna a gabana ba, kuma sun fi ni ɗalibai.

Darasin da na fi ba wa muhimmanci ba na bugu ba ne. 'Yan damfara suna kiran mutane da sunan banki, su ce za a rufe kati in ba a sabunta bayanai ba, su nemi lambar da ta shigo waya, ko su ce a amince da buƙatar da ta fito a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Bankuna da kansu suna ta aiko da saƙon cewa ba sa neman wannan lamba. Nasiha kaɗai ba ta zama, sai muka mayar da abin wasa. Yaran, waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu kaifi, su shiga ɗaki su kira Kawu da muryar ma'aikaci, "Ya ammi, asusunka zai rufe yau." Shi kuma ya amsa da cewa zai zo reshe da ƙafarsa, ya kashe waya. Gwaggo a karon farko ta karanto musu lambar tsaf, suka yi ta tsokanarta har ta kore su da mafici.

Kawu bai daina zuwa ofishin hidima ba, don akwai takardun da sai an buga an ɗora, kuma ba shi da firinta. Sai dai yanzu in aka zo wurin kalmar sirri, cewa yake yaron ofis ya juyo masa da madannan, ya duba kusurwar agogo, ya buga da kansa, in an gama ya tsaya sai ya ga an fita daga asusun kafin ya biya kuɗi.