Shekara a Kazan: yadda na koyi tafiya da kalandar Rasha

Duk ɗalibin da zai tafi Rasha karatu, nasihar da yake sha ita ce ya nemi rigar sanyi mai kauri. Gaskiya ne, amma da ni za a tambaya, sai in ce ya haɗa da kalandar hutun ƙasar, ya haddace ta. A Kazan na yi karatu, babban birnin Jamhuriyar Tatarstan da ke bakin kogin Volga, kuma abin da na gani shi ne bukukuwan mutanen nan da yanayin garinsu tafiyarsu ɗaya. Sanyi ke riƙe da akalar komai, bukukuwan kuwa zango ne da ake yadawa a huta kafin a ƙetare shi.

Ran 1 ga Satumba ake buɗe makarantu, Ranar Ilimi suke ce mata, ka ga yara sun ci ado kowa da damin furanni zai kai wa malama. Daga nan gari ya fara juyawa. Sanyin da ya fi gallabata ma ba na Janairu ba ne, na ƙarshen Satumba ne zuwa farkon Oktoba, domin dumama ɗaki ba a hannunka yake ba. Daga tashar gari ake turo ruwan zafi ta bututu zuwa gidaje, kuma ƙa'idar ita ce sai matsakaicin zafin rana ya yi kwana 5 a jere ƙasa da digiri 8 sannan dole a kunna. Kafin nan da safa da hula ake kwana. Hutun 4 ga Nuwamba, na tunawa da yadda Minin da Pozharsky, jagororin mayaƙan sa-kai na Rasha, suka kori sojojin Poland daga Mosko a 1612, sai a 2005 aka fara shi, kuma yawancin abokan karatuna barci kawai suke sha ranar.

A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, wajen uku na yamma kuma ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk a makaranta suke riskarka, ɗaya na bin ɗaya. Na koyi fita da alwala, da 'yar dardumata a jaka.

Sabuwar Shekara ita ce babbar sallarsu. Daga 1 zuwa 8 ga Janairu ofisoshi a rufe suke, don haka duk mai sabgar biza ko rajistar zama ya gama abinsa tun tsakiyar Disamba. Wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu daren 31. Tun a hanya ya ja mini kunne: ba a zuwa hannu rabbana, ba a miƙa hannun gaisuwa ta kan dokin ƙofa, sai an shiga ciki, kuma a nan bakin ƙofa ake tuɓe takalmi. Mahaifiyarsa ta ajiye mini silifas tun kafin in iso. Tebur kuwa babu masaka tsinke: kwaɗon Olivier na dankali da ƙwai da karas da wake kore an cakuɗa da mayonis, kifi mai gishiri da aka lulluɓe da jan gwoza, ga tulin lemun mandarin da ƙamshinsa ya cika falon. Ban ji nauyin tambayar wane nama ne a ciki ba, su ma ba su ɗauke shi komai ba, a Kazan tambaya ce ta yau da kullum. Saura 'yan mintoci sha biyu ta cika, shugaban ƙasa ya bayyana a talabijin ya yi jawabi, agogon hasumiyar Spasskaya ta fadar Kremlin da ke Mosko ya buga, aka sa taken ƙasa. Ƙanwar abokina ta rubuta burinta a 'yar takarda, ta ƙona, ta zuba tokar a kofinta ta shanye kafin agogon ya gama bugawa. Ni ruwan tuffa aka zuba mini, ba wanda ya matsa.

Mahaifinsa ne ya warware mini dalilin da ya sa Sabuwar Shekara ta danne Kirsimeti. Gwamnatin Soviet ta hana bikin Kirsimeti, da aka dawo da bishiyar ado a 1935 sai aka jingina ta ga Sabuwar Shekara. Cocin Orthodox kuma bai bi canjin kalandar da gwamnati ta yi a 1918 ba, yana kan tsohuwar, wadda ke baya da kwana 13. Shi ya sa Kirsimetinsu ke faɗowa 7 ga Janairu, kuma daren 13 wayewar 14 wasu ke sake zaman “tsohuwar Sabuwar Shekara”. Ran 19 ga wata, ranar da Kiristocinsu ke tunawa da baftismar Annabi Isa, ake fasa ƙanƙarar kogi mutane su tsunduma ciki sau uku. Na je na gani da idona, amma ko maɓallin rigata ban ɓalle ba.

Kada dai hutun ya ruɗe ka, jarrabawa na nan tana jira da an koma.

Ran 23 ga Fabrairu ranar masu kare ƙasa ce, amma ta zama ta maza gaba ɗaya, 'yan matan ajinmu sukan yi karo-karo su saya mana safa ko kofin shayi. Ran 8 ga Maris, ranar mata, sai mu rama wa kura aniyarta da furanni. A nan akwai lissafi: uku, biyar ko bakwai ake bayarwa, domin adadin da ya rabu biyu daidai na jana'iza ne. Kusan lokacin ne makon Maslenitsa, kafin babban azumin Kiristocinsu. A ci blini, wani fanke mai faɗi siriri, da zuma ko madara, ranar Lahadi a cinna wa 'yar tsanar ciyawa wuta alamar sallamar sanyi. Abin da ya fi burge ni a ranar shi ne neman gafara. Mutum ya ce wa ɗan'uwansa “yafe mini”, shi kuma ya amsa “Allah zai yafe”.

Da Mayu ta kama, gari ya watse zuwa dacha, 'yan gonakin bayan gari masu ƙaramin ɗaki, a gasa tsire a shuka dankali. Amma 9 ga Mayu daban take. Ranar nasara ce kan Jamus ta Hitler a 1945, yaƙin da ya ci rayukan mutanen Tarayyar Soviet kusan miliyan 27. Na bi jerin gwanon da mutane ke ɗaga hotunan kakanninsu, al'adar da ta samo asali daga birnin Tomsk a 2012. Wata tsohuwa Batatariya da ke kusa da ni ta gaji da riƙe allon hoton mahaifinta, ta ce, “Ɗana, kama mini.” Na ce, “To, apa,” kamar yadda ake kiran manyan mata a can, na riƙe mata har ƙarshen titi. Ba shakka gwamnati na cin moriyar ranar wajen nuna makamai da siyasa, har wasu 'yan ƙasar kan faɗi haka a tsakaninsu. Sai dai baƙo ya kama bakinsa. Da wuya ka sami gidan da yaƙin bai taɓa ba.

Yuni kuwa dare ne ke ɓacewa. Wajen uku na dare rana ta fito, sararin sama ma ba ya yin duhu sosai. Azumin da ya same ni a wannan tsakani ya haura awa 18, daga shan ruwa zuwa sahur 'yar tazara ce. Matsalar ba sabuwa ba ce: Ibn Fadlan, da ya zo cikin tawagar halifan Bagadaza zuwa ƙasar Bulgar ta Volga a shekarar 922, ya yi mamakin gajartar daren. Na bi jadawalin masallatan gari na huta da gardama. Daɗin Tatarstan shi ne ƙaramar Sallah da babba duk ranakun hutu ne a hukumance. Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mini: a watannin zafi ana ɗauke ruwan zafi na kwanaki don gyaran bututu, sai ka tanadi babbar tukunya.

Bayan an gama shuka Tatar, ƙabilar Tatarstan, ke yin bikinsu na Sabantuy. Akwai tseren dawaki, gudu cikin buhu, hawan doguwar sanda mai santsi, da fasa tukunya ido a ɗaure. Amma kokawa ce ke tara jama'a. Kowa ya zagaya tawul a ƙugun abokin karawarsa, ba a sa ƙafa, sai dai ka ɗaga shi sama ka kai bayansa ƙasa. Gwarzon ranar rago ake ɗora masa a kafaɗa, da ransa, ya zagaya fili da shi. Na birni ya fi girma da kiɗa, amma idan wani ɗan ajinku ya ce ka zo na ƙauyensu, bi shi. Can kakarsa za ta cika ka da shayi da chak-chak, wani cincin mai zuma, kuma ka zama a shirye, don wuya ne a bar baƙo ya tafi ba a tura shi gudun buhu ba.