Ƙwaya biyun da na saya a bakin tasha

Ni tela ne a nan Maradi. Bara da damina babur ya kayar da ni a hanyar Ɗan Isa, ƙashin cinya ya karye, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe. Likita ya rubuta mini tramadol, wanda kowa a gari ke kira tramol: ƙwaya mai miligiram 50, biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare. Wato 300 a yini. Wata huɗu ina kan haka, a farmasi nake saye, da takardata a hannu, ban taɓa ƙara ko ɗaya bisa abin da aka rubuta ba. Na faɗi wannan ne don a san ba holewa ta kai ni ba.

Abin da ya kai ni kunya ce. Wata rana a shago na ɓare ƙwayoyin rana zan haɗiya, sai wani da ya kawo ɗinki ya yi dariya ya ce, "A'a, maigida, kai ma ka shiga layin ƴan kabu-kabu?" Yaran shago suka sunkuyar da kai. Da wasa ya faɗa, amma maganar ta kwana da ni. Da asuba na zuba sauran maganin a masai, na ce daga yau an gama. Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa maiɗakina ba.

Yinin farko hamma ce kawai da majina, na ɗauka mura ce. Daren na biyu ne na gane kurena. Gumi ya jiƙa zanen gado, ga sanyi har haƙora na haɗuwa, ciki yana murɗawa, na yi ta zarya zuwa bayan gida da sandata. Ƙafafuwa kuwa suka ƙi zama wuri ɗaya, suna ta motsi kamar ina taka keken ɗinki. Ga wata fargaba marar dalili, ga wani abu kamar wutar lantarki da ke fizgar kaina idan na juya ido. Daga baya likita ya bayyana mini cewa tramol ba zafin ciwo kaɗai yake kashewa ba, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe natsuwar mutum, shi ya sa yanke shi farat ɗaya yake dukan jiki da zuciya tare.

A dare na uku, ni da na zubar da maganin likita don kada a kira ni ɗan tramol, ni ne tsaye gaban mai tire a bakin tasha, na ja hula har gira. Ya miƙo mini, ban ko duba bayan takardar ba. Na saba da biyu, na haɗiye biyu. Ashe kowace ɗaya 225 ce. Miligiram 450 ke nan a tashi guda, alhali iyakar abin da likitoci ke yarda babba ya sha a yini sukutum 400 ne, shi ma a rarrabe. Abin da na iya tunawa, ina zaune bisa tabarma a tsakar gida. Sai na farka a ƙasa, bakina duk jini, maiɗakina tana salati, maƙwabta sun cika gida. Jijjiga ce irin ta farfaɗiya, ni da ban taɓa yin ta ba.

Na zaci likita zai wanke ni tas. Sai ya ce, "Malam, jikin kowa ya sha wannan magani wata huɗu sai ya saba da shi, ko limami ne. Wannan ba laifinka ba ne. Laifinka ɗaya, ba ka zo ka ce mini kana so ka bari ba." Wallahi wannan ta fi zagi ciwo, don tafiyar minti goma ce daga shagona.

Bayan ya duba ni ya tsara yadda zan sauka, ƙwaya ɗaya duk mako biyu, a kan wata takarda da muka liƙa a bayan ƙofar ɗaki. Maganin ya koma hannun maiɗakina, ita ke ƙirgo mini na yini. Zafin ƙafa kuma aka taro shi da farasitamol da motsa jiki, kowace yamma ina takawa kaɗan-kaɗan. Ya hana ni maganin barci irin su diyazefam, ya ce haɗa su da tramol na iya danne numfashi. Matakan farko ba su da labari, ƴar kasala ce ta kwana biyu ko uku ta wuce.

Ƙarshen ne da wuya, kuma ban yi tsammani ba. Cire 50 daga 300 kashi ɗaya ne cikin shida, amma cire 50 daga 100 rabi ne cur. Da na sauka zuwa ƙwaya ɗaya ƙafafuwan nan suka dawo da rawarsu, barci ya gudu. Na koma wurinsa a wannan karon, ban yi gaban kaina ba. Ya ce babu wanda ke kora ta, in koma mataki na baya in zauna har jiki ya lafa. Na yi wata guda a nan kafin mu sake gwadawa. Ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya: bayan mutum ya sauka, jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka, wanda ya koma ya sha irin na da zai iya kwanciya bai tashi ba.

Duka-duka saukar ta ci mini kusan wata huɗu, daidai da tsawon shan. Da na fara ta a ranar da na zuba maganin a masai, da ban cije harshe ba, da maƙwabta ba su ga abin da suka gani ba. Har yau akwai masu kallona da wannan daren.

Mutumin da ya yi mini wasan nan ya dawo kafin ƙaramar Salla da shadda yadi goma. Na auna shi, na rubuta, na ce ya dawo bayan Salla, layi ya cika.