Volt 5 da volt 3.3 a cikin akwati ɗaya

Sana'ata haɗa akwatunan da ke tada famfon sola su kuma kashe shi, galibi don masu lambu na bakin Gulbin Maradi da wajen Jiratawa. A cikin akwatin akwai babban allo guda, muna ce masa uwa, sai ƙananan alluna da ake sokawa a jikinta: na auna ruwan tanki, na rile (makunnin da sigina ke kunnawa da kashewa), na agogo, na aika saƙo ta waya. Kayan daga Kano ake kawo mana su ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma abin da ka tarar a hannun ɗan kasuwa da shi za ka yi aiki. Wani na volt 5 ne, wani na 3.3, wani ma 2.8, ga ƙafafunsu duk iri ɗaya, rami ɗaya suke shiga.

Wani dattijo mai lambun albasa ya taɓa kawo mini akwatin da aka haɗa masa a wani wuri. Ya ce, "Malam, da ya yi wata yana aiki lafiya lau, yanzu sai ya ga dama." Ƙwaƙwalwar uwar akwatin ESP32 ce, wadda masana'antarta ta rubuta cewa kada ƙafarta ta ga abin da ya wuce volt 3.6. Na ɗora mita a kan layin SDA, mai kai bayanai zuwa gilashin rubutu, babu abin da ke tafiya a layin, amma mita ta tsaya dab da 5. Ƙaramin allon da ke bayan gilashin yana da rezistans biyu masu jan layin sama zuwa wutarsa, wutar kuwa 5 ce. Ƙafar ECHO, wadda na'urar auna ruwa ke maido da amsa ta cikinta, ita ma 5 take harbowa kai tsaye. Na ce, "Baba, ba rana ɗaya aka kashe shi ba, a hankali ake cinsa." Abin da ke ba ni tsoro da wannan matsala ke nan: ba ta nuna kanta a kan tebur. Sai akwati ya sha zafin Afrilu a tsakiyar fili, lokacin da albasa ta fi son ruwa, sannan ƙafa ɗaya ta mutu.

Saukowa daga 5 zuwa 3.3 ba wuya. Rezistans 1k da 2k sun raba wutar, ka sami 3.3, kuma ga sigina mai tafiyar hawainiya irin ta ECHO ya wadatar. Idan layin mai sauri ne, aisi (ƙaramar ƙwayar lantarki mai ƙafafu) 74LVC245 nake sawa, a ba shi wutar 3.3, ƙafafunsa na karɓar 5 ba tare da lahani ba.

Hawa sama ne mutane suka fi rainawa, don nan ba abin da ke ƙonewa. Tambayar ita ce: daga volt nawa mai karɓa yake yarda an ce masa "ɗaya", wato an ɗaga sigina sama? ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno, a kan wutar 5, yana son 3.0. Ka ba shi 3.3, rarar 0.3 kawai ta rage, ga waya doguwa, ga injin famfo yana zuba hayaniya a layi. Aisin dangin 74HC wajen 3.5 suke nema, 3.3 ba ta kai ba ko da ka ga yana amsawa yau. Dangin 74HCT kuwa 2.0 ya ishe su, shi ya sa duk inda zan ɗaga sigina, HCT nake nema, ina kuma karanta rubutun bayan aisin da idona kafin in biya, don harafin T ɗin nan shi ne dukan zancen. SIM800L, allon aika saƙo ta waya, nasa daban ne: yana cin wuta tsakanin 3.4 da 4.4, yana iya fizgar amfiya 2 lokacin da yake neman rezo, wato sabis ɗin waya, amma siginarsa 2.8 ce. ESP32 na jin ta, Uno kuwa ba tabbas.

Allon rile ma yana da nasa hali. Da yawansu ana tada su ne da jan ƙafa ƙasa. In wutar allon 5 ce, uwa kuma ta ɗaga ƙafar zuwa 3.3 don ta kashe, saura 1.7 na nan, wani lokaci rile ya ƙi saki, tanki ya cika ruwa na ta malala. Maganin yana kan allon: cire ɗan makullin JD-VCC, ka ba VCC (wutar ɓangaren sigina) 3.3, ka ba JD-VCC (wutar rile kansa) 5.

Da na zauna zana tawa uwar, shawara ɗaya na yanke, ban kuma sake ta ba. Duk siginar da ke yawo a kan uwa 3.3 ce. Ramin yana ba da wutar 5 da ta 3.3 da GND, wato layin ƙasa, kowane ƙaramin allo ya ɗauki wadda yake so, amma juyin sigina a jikinsa ake yi, ba a jikin uwa ba. Kamar mai shigowa da naira ne, ya canza ta tun a Ɗan Isa, ya iso kasuwar Maradi da sefa a aljihu. Wasu sun fi son tara aisin juyi a kan uwa don a rage kuɗi. Ni ban yarda ba, domin uwa ba ta san allon da za a soka mata baɗi ba. Rezistans masu jan layin I2C sama, wato layuka biyun bayanai da SDA ke cikinsu, su ma a kan uwa kaɗai suke. Na jikin allunan kasuwa ina ɗaga su da kan ƙarfen dalma. Inda dole sai allo mai 5 ya hau layin, tiransista BSS138 biyu ke tsakani, ɗaya a kowane layi, dabarar da Philips ta bayyana tun 1997.

Yaron shagona ya tambaye ni, "Maigida, in wani ya soka tsohon allo mai 5 fa?" Na ɗauko masa RAM biyu daga tarkacen kwamfuta, DDR3 mai volt 1.5 da DDR4 mai 1.2, na nuna masa tsagar da ke ƙasansu, kowace a wurinta daban, ko ka danna ba za ta shiga ramin da ba nata ba. Mu ma haka muka yi. A kowane ramin uwa mun toshe ƙofa ta uku da ɗigon gam, allon da muka gyara muka gwada kuma mun yanke masa ƙafa ta uku. Allon da bai bi ta hannunmu ba yana da ƙafarsa cikakkiya, don haka ba ya zama.