Tsawon yarana yanzu a jakata yake

Wallahi ranar da muka tashi daga gidan haya a Anguwan Rogo ba abin da ya tsaya min a rai kamar bangon bayan ƙofar ɗakina. A nan nake jan layin tsawon yarana da fensir tun suna tatata, ko sati biyu ba a yi ba mai gidan ya sa aka shafe da fenti, sai da na yi hawaye.

Shi ne na shiga kasuwar Terminus a nan Jos na sayo yadi biyu na farin ƙyalle mai kauri, na fara wanke shi tukuna saboda kar ya tsuke daga baya awon ya lalace, telanmu ya yanka min shi dogo siriri ya kalmashe bakin, na ce ya ɗinke min tef ɗin awo a gefe, irin nasu ɗin nan mai santimita 150. Sama na sa ƴar sanda da igiyar ratayewa. Amma fa dole sifili ya taɓa ƙasa daidai, yaro ya cire takalmi, dunduniya ta jingina da bango.

Babban shekararsa 4, jiya ya kai 102, ya yi ta tsalle yana kiran babansa ya zo ya gani. Autar kuwa a kwance nake auna ta don ba ta kai shekara 2 ba, haka ake musu a asibiti. Da na duba katin awonta na ga 50 aka rubuta ranar haihuwa, na kwafe shi da alƙalamin maka a ƙasan ƙyallen, Allah Ya raya mana su.

Da sallah zan nannaɗe shi mu tafi Bauchi, Hajiya ma ta gani.